Wa Ya Ɗauke Gurguwa?

Sufeto Linval Gayle bai gama karyawa ba Mis Icilda ta faɗo ofishinsa, ɗankwali a hannu.

"Yallaɓai, an sace Gurguwa! Ga gasar manoma jibi!"

Duk ƙauyen nan na gundumar Westmoreland an san Gurguwa. Tabar wiwi ce da tsohuwar ta yi wata uku tana lanƙwasa ta a hankali, tana ɗaure rassan da jan zare a bakin tukunya, har ta baje kamar faifai, kowane reshe yana shan rana. Tushe biyar doka ta yarda a shuka a gida, amma wannan ce 'yar lelenta.

A bayan gidanta, Sufeto ya ga sawun baro. Ya bi shi har ƙofar maƙwabcinta, Busha.

"Baro? Ni ko tayarsa ban da ita," in ji Busha, alhali ga hannun baron yana leƙowa daga bayan kejin kaji.

Sufeto ya zaga lambun Busha. Tushe biyar tsaye zangal-zangal kamar gora, ta shida kwance a tukunya, an kwance mata zare.

"Wannan fa?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na horar da ita."

"Madalla da gwani! Lanƙwasa min reshen waccan doguwar in gani."

Busha ya tofa yawu a hannu, ya danƙo reshe kamar mai murɗe wuyan zakara. Ƙas! Ya karye.

Mis Icilda, da ta biyo bayan Sufeto, ta yi shewa. "Kai, katako! Sai ka lallashe shi tsakanin yatsu ya yi laushi, yau kaɗan, gobe kaɗan!"

Busha ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗauka. Shekara huɗu tana kayar da ni a gasar nan, Yallaɓai. Har matata dariya take min."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tasa ƙeyar Busha zuwa mota.

"Ita ma tukunyar a ɗauko," in ji Sufeto. "Shaida ce, tana hannun hukuma."

Murnar tsohuwar ta koma ciki. "Gasar fa, ɗan nan?"

Sufeto ya gyara hula, yana danne dariya. "Ba a barin shaida babu mai gadi, Iya. Jibi da safe ki shirya. Ni zan kai ku, ke a gaba, ita a baya, da jiniya."