Injin da Ba Ya Hayaƙi

Ni na kai shi. Gara in faɗi wannan tun farko, domin na daɗe ina ba da labarin nan ina cewa wani abokinsa ne ya nuna masa hanya. Babu wani aboki. Ni ne, yayan matarsa, mai shagon kayan gyara da ke jikin garejinsa.

Mai Kunne ake ce masa a layin makanikai. Aikinsa babur mai ƙafa huɗu, irin wanda masu manyan gonaki ke zagaya shinge da shi, masu haya kuma ke ba 'yan shaƙatawa su hau tudun yashi. Injin waɗannan babura ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar na mota. Sai ka auna man ka zuba cikin fetur, ka girgiza galan, injin ya sha su tare. Fetur ya ba shi wuta, man ya jiƙa masa fistin, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Ranar da ka yi masa rowar mai zai yi maka gudun da bai taɓa yi ba na 'yan mintoci, sannan fistin ya yi zafi ya manne, sai dai ka turo shi gida.

Mijin ƙanwar tawa gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya karkata kai ya saurari injin, ya murɗa ƙusar kafireta kaɗan da sukundireba, ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In fari ne, ya ce da mai babur, "Kana kashe shi da yunwa." Amma sai aka buɗe sabon gareji a tsallaken titi, da siminti da fenti da ma'aikata masu riga iri ɗaya, masu babura suka koma can. Shi kuwa ya wuni kan benci yana goge sifanar da ba ta yi datti ba. Masu walda suna tsokanarsa, wai ya ba su hayar kunnen tunda ba ya aiki da shi. Yana dariya, amma na san abin na cin sa.

"Yaya," ya ce da ni wata rana, "so nake in yi abin da babu bakaniken da ya taɓa yi. Su zo su yi layi a nan, ina zaune."

Na san wani mutum a bayan tsohon ramin fasa dutse, wani direban babbar mota ne ya taɓa kwatanta mini. Na kuma san in garejin ya cika, shagona ma ya cika. Abin da na duba ke nan, ba wani abu ba. An ce a zo da zoben fistin da kuma kofin da mutanen gida ke shan ruwa da shi. Ƙanwata Auta ce ta ɗauraye kofin ta miƙo mana, tana tambaya ko baƙi aka yi a gareji.

Da rana tsaka muka isa. Ɗaki ne na dutse ba taga, ba wari, ba sauro, ba ko kiyashi. Komai na cikinsa busasshe ne. Fatun ƙadangaru a rataye suna ƙaras-ƙaras ba tare da iska ba, ga wata tukunya da ta tsattsage an ɗaure ta da waya, ga ƙasusuwan gwiwa jere a kan allon ƙarfe kamar yadda muke jera ƙusa da noti. Mutumin yana zaune, leɓɓansa a fashe, idonsa ba ya ƙiftawa. Ina shiga yawun bakina ya ƙafe.

Ya jefa zoben cikin kofin, ya kife a kan tukunyar. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, sai muka ji kofin ya fara kaɗawa, tik-tik-tik, daidai bugun injin da aka bari a tsaye.

"Duk injin da ka taɓa da wannan zoben," in ji shi, "ya daina shan mai har abada. Fetur zalla. Ba hayaƙi, ba zafi, ba gajiya."

"To me zai jiƙa fistin?" Mai Kunne ya tambaya. Bakanike ne, ba zai kasa tambayar wannan ba.

"Zai jiƙu."

"Da me, ranka ya daɗe?"

"Kai da ka zo neman arziki, ko ka zo koyon aikina?"

"In jini ake so, ina da halin rago."

Mutumin ya yi wata dariya marar sauti. "Rago yana shan ruwa da kofin nan?"

Mai Kunne ya dube ni. Wallahi ya dube ni, kuma da na ce mu tashi, da ya tashi. Sai na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

"In na so in fasa fa?" in ji Mai Kunne.

"Ranar da injin ya ɗanɗana mai, ya saki gidanka, shi kuma ya mutu nan take. Ka ga ban ɓoye maka ƙofar fita ba. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya bi ta ba."

Mai Kunne ya ɗauki zoben da kofin, muka dawo. Kofin ya koma kan randa. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara shan ruwa a gidansu ba. In Auta ta kawo mini, sai in ce yanzu na sha. Ban ce mata ta sauya kofi ba, ban ce mata komai ba, kaina kawai na tsare.

Kasuwa ta buɗe kamar an yi kira. Babur ɗin farko na wani mai haya ne, ya tashi da bugu ɗaya, salansa wasai ba hayaƙi, ya haye tudun da sauran ke kasawa. Mai Kunne ya ce sabon saitin kafireta ne ya gano, ya gargaɗi kowa kada ya kuskura ya zuba mai. Kafin shekara ya taɓa babura talatin da ɗaya, ya rushe rumfarsa ya yi gini, ma'aikatan tsallaken titi suka dawo suna gaishe shi a tsugune. Ni ma na ci rabona, domin gudun ya sa taya da sarƙa da birki suna ƙarewa kamar ana cinye su. Na sayi mota, na yi ƙiba.

Tsohuwarsa aka fara taɓawa. Gwiwa ta ce tana damunta, muka ce tsufa ne. Sai gwiwar ta fara ƙara in ta tashi, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ta sha ruwa kofi uku ta ce maƙogwaronta a bushe. Asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba, sai dai ruwan gaɓoɓinta yana ƙafewa. Auta ce ta lura cewa ranakun hutu, lokacin da masu haya ke fitar da babura duka, tsohuwar ta fi ihu. Ta faɗa mini haka a shagona, cikin mamaki, na ce mata zafin rana ne. Tsohuwar ta rasu a zaune, masu wanka suka kasa miƙe ta.

Bayan sadakar uku aka kawo wani babur gyaran birki. Na jira Mai Kunne ya fita, na kwance kan injin da hannuna. Fistin ɗin jiƙe yake sharaf da wani ruwa mai yauƙi, fari-fari, mai ɗumi, alhali injin ya kwana biyu ba a tayar da shi ba. Na shinshina. Babu ƙanshin mai ko kaɗan, warin jikin mutum ne.

Na tare shi a bayan gareji. "Ka kira masu baburan, a zuba mai."

"In ce musu me, Yaya? Injin talatin da ɗaya su mutu rana ɗaya, a hannuna? Kowa zai san abin da na yi. Da wane ido zan dubi Auta?" Ya share fuska da tsumman giris. "Kai ma da wane ido? Ai tare muka je."

Nan ya kama ni. Na ce bari mu ga yadda hali zai yi, wataƙila abin ya tsaya a kan tsohuwa. Haka na faɗa da bakina, har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai tsaya ba. 'Yarsu, shekararta bakwai, ta fara kasa riƙe fensir, ta koma kuka ba hawaye. Wata biyu ta yi. Ranar da aka kai ta makwancinta, Auta ta so ta ɗaga hannu ta rufe fuska, hannun ya tsaya a rabi. A yammacin ranar aka samu Mai Kunne durƙushe gaban matarsa yana tsiyaya mata baƙin mai a gwiwar hannu, yana lallashinta ta motsa. Da aka janye shi ya kafa galan a baki ya sha. Bai ƙara dawowa hayyacinsa ba. Yana nan yana yawo a layin makanikai da gwangwanin mai, yana ɗiga wa ƙofofi da ƙafafun mutane, ginin nasa awaki ke kwana ciki.

Sai a lokacin na ɗauki galan na shiga gona-gona. Kowane mai babur sai na faɗa masa gaskiya kafin ya bar ni in taɓa tankinsa. Wani ya mare ni, wani ya tofa mini yawu, wani ya tara mini jama'a. Ina zuba man, injin ya yi tari ɗaya, ya fesa hayaƙi, ya ƙame. Duk injin da ya mutu, sai a kira ni a ce Auta ta motsa yatsa, ta juya wuya. Na kashe talatin.

Na ƙarshen an sayar da shi. Mai gonar ya sayar wa dillali, dillali ya ɗora a babbar mota, wanda ya saya ya sake sayarwa. Na bi sawunsa har motata ta tafi a kuɗin hanya, sawun ya ɓace mini. Na koma ramin dutse, na tarar ɗakin wayam, ko tukunyar babu.

Ku makanikai, da ku masu zugawa daga gefe irina, ku ji da kyau. Duk injin da ke juyawa akwai abin da yake sha. Wanda ya ce zai ba ka gudu kyauta, bai gaya maka jikin wa zai tatsa ba ne. Kuma kunyar da za ta hana ka faɗin gaskiya yau, gobe za ka faɗe ta a gaban mutane bayan ka binne naka. Kwaɗayi ya kai mu ɗakin, amma tsoron idon jama'a ne ya kashe yarinyar nan.

Auta tana gidana yanzu, ƙafafunta ba sa lanƙwasuwa. Ba ta san garin da babur ɗin yake ba, amma ta san mai shi fiye da matarsa. Ta san yana fita da sassafe, ta san ba ya son gudu, ta san ranar da ba shi da lafiya, domin ranar tana samun barci. In ta damƙe hannun kujera ta ce, "Yaya, ya tayar," sai in zauna kusa da ita har ya kashe.

Makon jiya ta damƙe kujerar tun hantsi, ba ta saki ba sai la'asar. Washegari ma haka. Da ta samu numfashi, ta dube ni da busassun idanunta.

"Yaya," ta ce, "ina jin ya fara ba da shi haya."