Wayar da Ta Kashe Mai Jita

Ranar Juma'a ce, ana gab da kiran sallar la'asar, aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Suleja cewa wuta ta ja wani makaɗi a wani ɗakin taro da ke Madalla, kuma rai ya yi halinsa.

Insifekta Ghali Hashim ya ɗauki hularsa, ya kira Saja Zuwaira, suka shiga mota.

Mamacin sunansa Raphael, ɗan shekara arba'in da ɗaya, shugaban wata ƙungiyar makaɗa mai suna Tartsatsi. Irin kiɗan nan suke yi mai ƙarar jitar lantarki da dukan ganguna, wanda ake kira rok. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna yawo gari-gari cikin wata tsohuwar bas, yau Ilori, gobe Lakwaja, jibi Jos. Sun sauka Madalla ne don wasan ranar Asabar, daga nan su wuce Kaduna.

Gawar na kwance a kan dandamali, an lulluɓe ta da zane. Manajan ɗakin ya biyo Insifekta yana ta cewa tsautsayi ne, kowa ya san halin wutar garin nan.

Ghali ya wuce kai tsaye wurin gawar. Ya ɗaga zanen, ya ga yadda tsirkiyoyin jita suka bar layuka na ƙuna a yatsun mamacin. Ya sa aka kashe wutar ɗakin, sannan ya bi wayar daga jita zuwa akwatin ƙara sauti, daga can zuwa wani soket da ke ƙasa. Ya kunce shi da sukudireba, ya daɗe yana kallo. An sauya wa wayoyi biyu mazauni, an naɗe su da sabon salatif shuɗi.

"Saja, kar kowa ya fita," in ji shi. "Hannun mutum ne ya taɓa wannan."

Mutum uku suka rage a ƙungiyar. Ghali ya fara da mai ganga, Temidayo, wani dogon Bayarabe haifaffen Kaduna, wanda Hausarsa ba ta da gargada. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Yaushe ka san marigayi?"

"Tun muna firamare, Yallaɓai. Da gwangwanaye muka fara kiɗa ni da shi."

"Ina kake daga safe zuwa lokacin gwajin kiɗa?"

"Ina barci cikin bas. A can na saba kwanciya, ɗakin masauki ba ya karɓa ta. Daga sha ɗaya har ƙarfe biyu."

"Akwai wani saɓani tsakaninku?"

"Babu ko kaɗan."

Na biyu shi ne Lukuman, ɗan Suleja, direban ƙungiyar kuma mai haɗa musu wayoyi. Ya san a kansa zargi zai fara sauka.

"Wallahi Yallaɓai, ƙarfe goma na haɗa komai, na gwada, lafiya lau. Daga nan na kai bas wajen bakanike a Gauraka saboda birki, na wuce masallaci, na biya gida na gaida tsohuwata. Sai uku saura na ɗauko motar."

Ghali ya ɗan dakata da rubutu, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar bas.

"Nuna mini salatif ɗinka."

Lukuman ya zazzage jakar aikinsa. Duk baƙaƙe ne.

"Kuma Yallaɓai, soket ɗin nan ba na jita ba ne. Na sabuwar na'ura ne."

"Wace na'ura?"

"Ta ganga. Ɗan akwati ne, ana danna maɓalli sai ya yi kiɗan da mutum zai yi. Ranar Laraba Oga Raphael ya sayo ta a Abuja, ya ce in ɓoye, shi zai yi wa Temidayo bayani da kansa. Da aka zo gwaji sai soket ɗin jitarsa ya riƙa ɗaukewa, shi ne ya cire wayar ya mayar da ita wancan da hannunsa."

Ta uku ita ce mawaƙiyar, Adenike. Ta ce tun safe tana masauki, kanta ke ciwo. Saja Zuwaira ta dube ta ido cikin ido.

"'Yar'uwa, na bugi mai gadin masaukin na tambaye shi. Ya ce ƙarfe tara kika tari tasi."

Adenike ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo.

"Abuja na je. Wani situdiyo ne ke so in yi waƙa ni kaɗai. Ga lambarsu, ku tambaya. Na gaji ne, Oga. Shekara bakwai ina cin burodi da sadin a kan hanya, ina wanka a bayan gidan mai. A Lakwaja ɗaki mai cin mutum ɗari uku muka kama, mutum ashirin da bakwai suka zo."

"Me marigayi ya ce a kan haka?" Ghali ya tambaya.

"Ya ce yaran yanzu ba sa tsayawa su saurari jita tana kuka minti biyar, abin rawa suke so. Ya ce ko mu canja sauti ko mu koma gida. Temidayo ya ce kiɗan da ba a yi gumi a kansa ba gawa ce aka yi wa kwalliya. Tun daga Lakwaja har Abaji suna musu, sai da Lukuman ya tsayar da mota ya ba su haƙuri."

"Kina nan lokacin da abin ya faru?"

"Ina gefensa. Ya rataya jita, ya kai hannu zai gyara makirfo, sai kawai ya sandare." Ta rufe fuska da tafukanta. "Temidayo ne ya fara tsalle ya je ya fizge wayar."

"Wace waya? Akwai fiye da goma a ƙasa."

"Waccan ɗin. Kai tsaye ya nufe ta."

Washegari da safe Ghali ya tafi Gauraka. Garejin na bakin titin Kaduna, bayan rumfunan masu abinci. Bakaniken ya goge hannu da tsumma, ya ce bas ɗin ta iso goma da rabi, ba ta bar wurin ba sai bayan an sauko Juma'a.

"Akwai wanda ke barci a ciki?"

"Barci kuma? Ranka ya daɗe, a kan jak muka ɗaga ta. Ni da kaina na shiga na taka birki. Babu kowa sai katifu da akwatuna."

A hanyar dawowa Saja Zuwaira ta ce situdiyon sun tabbatar da zuwan Adenike. Ghali ya gyaɗa kai kawai. A shekarunsa na aiki ya kama mutane da yawa yana jin daɗi. Wannan karon bai ji daɗin ba ko kaɗan.

Da hantsi ya tara su uku a ɗakin taron. Ya ce wa Temidayo ya ɗauko jakar sandunan kiɗansa. Temidayo ya daɗe tsaye kafin ya miƙa ta.

Ghali ya zaro sanduna biyu. An naɗe mariƙinsu da salatif shuɗi saboda santsin gumi. A ƙasan jakar ga ragowar naɗin. Ya ajiye shi kusa da soket ɗin.

"Ka ce kana barci a bas, alhali bas tana Gauraka. Ka ce babu saɓani, alhali kun yi musu tun daga Lakwaja. Da wuta ta kama shi, a cikin wayoyi fiye da goma ka san wadda za ka cire. Yaushe ka ga na'urar?"

Temidayo ya zauna a bakin dandamali.

"Ranar Alhamis," ya ce a hankali. "Ina neman takalmina a ƙarƙashin katifa na ci karo da kwalin. Shekara talatin muna tare, Yallaɓai. A Jos da zazzaɓi ya kwantar da shi, ni na goya shi zuwa asibiti. Sai ga shi zai musanya ni da akwati, bai ma iya faɗa mini ba."

"Sai ka yi me?"

"Da kowa ya watse jiya na dawo. Na ga sabon soket a inda ganguna suke, na gane na mene ne. Na juya wayoyin. Na ɗauka ana jona na'urar za ta ƙone, ya haƙura, mu ci gaba yadda muke. Na'urar na nufa, Allah ya sani. Ina can baya ina ɗaure fatar ganga, ban ga lokacin da ya mayar da jitarsa wurin ba."

Lukuman ya yi salati. "Temi, ba korar ka zai yi ba. Ce mini ya yi waƙa biyu kacal za a sa ta, don a jawo yara su shigo, sauran duk naka ne. Yana ta neman yadda zai faɗa maka ne kar ranka ya ɓaci."

Temidayo ya dube shi. Sai ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai wuyar saurare. Ghali ya bar shi har ya lafa.

"Na kama ka bisa zargin haddasa mutuwar Raphael. Sauran bayani a gaban alƙali."

Saja Zuwaira ta sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo.

"Yallaɓai, an faɗa wa mahaifiyarsa?"

"An faɗa mata jiya."

"Ta san ni ne?"

"Tukuna."

"Ita ta yi mini bikin aure da nawa iyayen suka rasu," in ji shi, ya sunkuyar da kai ya shiga mota.

Da suka juya za su hau titi, Ghali ya hango Lukuman ta madubi. Ya buɗe bayan bas yana kunce kujerun baya ɗaya bayan ɗaya, Adenike na karɓa tana jinginawa a bango. Wuri suke yi wa akwatin gawa, don da yamma za su kai Raphael gida Kafanchan.