Saurin Hannun Arbey

Wa ke da laifi idan hannu ya aikata abin da zuciya take so, alhali ba ta aike shi ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya, na kai ta gaban tsofaffin unguwarmu a birnin Cali na ƙasar Kolombiya, babu wanda ya ba ni amsar da ta zauna. Shi kansa Arbey mai hannun bai sani ba.

A filin unguwa suka haɗu cikin watan Agusta, lokacin da makaɗan rawar salsa ke kafa dandamali a waje duk yammacin Lahadi. Arbey ne mai ganga, siririn saurayi marar yawan magana. Nayibe kuwa 'yar rawa ce, tun tana ƙarama suke cin gasa tare da abokin rawarta Duván. Da makaɗa suka tsaya shan iska, sai ta hau dandamali da kofin ƙanƙara mai zaƙi a hannu.

"Kai Tsinke, barci kake yi a kan gangar nan? Kakata ma ta fi ka sauri."

"To kawo kakar taki ta karɓe ni," ya ce yana sunkuyar da kai.

Ta yi dariya, ta miƙa masa cokalinta. Daga ranar ya zama Tsinke, ita kuma Sarauniya.

Mahaifiyarta Doña Omaira, mai suya a bakin filin, ba ta yi farin ciki ba.

"Na auri makaɗi sau ɗaya, ya ishi gidan nan. Ubanki ya ɗauki ƙahonsa ya tafi wasa birnin Medellín, har yau ba a tashi daga wasan ba. Ga Duván, yaron kirki."

"Mama, ƙafafunmu ne suka san juna, ba zukatanmu ba."

Arbey ya san haka, amma sani daban, kallo daban. Wata rana ya aika mata saƙo: "Sarauniya, ni ke kiɗa, wani ke riƙe da ƙugunki. Wannan wace irin sana'a ce?"

Ta amsa: "Tsinkena, shi ƙugu kawai ya samu. Kai ne da ƙafafun, inda hannunka ya ce nan nake takawa. Bar kishi ka ci abinci."

Ranar wasan ƙarshe na bazara, wani mai babbar ƙungiyar rawa ya zo neman waɗanda zai ɗauka. Aka buɗe wa Nayibe da Duván fili. Jama'a suna ihu, "Ƙara wuta! Ƙara wuta!" Duván ya jawo ta, ya yi mata raɗa a kunne, ta ƙyalƙyale da dariya. Nan take hannun Arbey ya ƙara sauri. Sauran makaɗa suka bi shi, don ganga ake bi. Shugabansu ya harare shi, bai sassauta ba. Duván ya wulla ta sama kamar yadda suka saba, amma bugun ya riga ƙafarta sauka. Har daga kan dandamali an ji ƙarar gwiwarta.

Likitoci suka ce za ta yi tafiya, amma rawar gasa ta ƙare. Duván ya kawo furanni, ya yi kuka, sannan ya sami wata abokiyar rawa ya karɓi aikin.

Babu wanda ya zargi Arbey, ai jama'a ne suka nemi wuta. Da ya yi shiru, da shi ke nan. Sai ya je gidansu Nayibe ya tsaya a gabanta, uwarta na ji.

"Na ga yana miki raɗa, wani abu ya taso mini. Ban san ko ihun mutane na bi ba, ko wannan abin."

"Da gangan ka yi?"

"Ban sani ba, Sarauniya."

"Kada ka ƙara kira na haka. Ka san me ya raɗa mini? Cewa ya yi, dubi Tsinkenki yana kallonki kamar zai faɗo. Da ka ce e, da gangan ka yi, da na tsane ka na huta. Da ka ce a'a, da na yarda. Fita."

Ya lulluɓe gangarsa, ya rantse ya bar kiɗa, ya koma aikin gareji. Kullum da safe sai ya zo ya ɗaukar wa Doña Omaira tukwanenta zuwa wurin suya. Ba ta gode masa, ba ta korarsa. Watanni suka shuɗe a haka, Nayibe tana leƙensa ta taga tana kuka.

Uwar ce ta fara gajiya.

"Ɗiyata, ubanki bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko da wasa. Wannan kuwa ba wanda ya tuhume shi, ya kawo kansa. Ban ce ina sonsa ba fa."

Da safe saƙo ya shigo wayar Arbey: "Ban gama yafe maka ba. Wata rana in yafe, wata rana gwiwa ta tashe ni in fasa. In za ka iya zama da haka, zo."

Ya amsa: "Ina bakin ƙofa."

Da bazara ta zagayo aka ɗaura aure a cocin unguwa, aka fito fili biki. Tsofaffi suna ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo 'ya'ya masu ƙafar uwarsu. Tsoffin abokan Arbey suna kiɗa da sabon mai ganga. Amarya tana zaune da sandarta a gefe, kowa yana rawa ban da ita.

"Tsinke, tashi ka karɓi gangar can."

"Na rantse, Nayibe."

"Ni ka tambaya kafin ka rantse? Ka raba ni da rawa, kada ka raba ni da kiɗanka kuma."

"To wa zai riƙe ki in kin tashi rawa?"

Doña Omaira ta ajiye farantinta, ta miƙa wa ɗiyarta hannu.

"Ni mana, surukina. Kuma Allah kuwa, ka kuskura ka yi sauri, da ludayin suya zan biyo ka."

Arbey ya hau dandamali, sabon mai gangar ya matsa masa. Ya ɗora tafukansa a kan fata, ya jira har ya ga Nayibe ta miƙe ta dafa kafaɗar uwarta. Sannan ya soma bugawa a hankali, idonsa a kan ƙafarta.