Muryar Kaka a Cikin Kwamfuta

A wani gari can, an yi wani tsoho mai tsohuwar kwamfuta. A cikinta muryar marigayiya matarsa take, kullum sai ya kunna ya saurara.

Wata rana yana kankare datti daga allon cikin kwamfutar, sai hannunsa ya zame, ya yanke wani siririn layin tagulla. Kwamfuta ta yi shiru. Tsoho ya dafe kai.

Jikarsa mai zanen lalle ta leƙo. Ba wanda ya kai ta tsokana.

Ta ce, “Angona, kwantar da hankalinka, ai na iya muryar Kaka.” Ta maƙe murya: “Malam, tuwo zai huce!”

Tsoho bai yi dariya ba.

Yarinya ta zauna. Ta ce, “Nuna mini wurin.”

Ya nuna mata, ya bar mata aikin, don hannunta ya saba da siririn zane. Ya ce, “A hankali.” Ta ɗora silin waya a kan layin da ya yanke, a hankali. Ya ce, “A hankali.” Ta ɗiga narkakkiyar dalma ta liƙe shi a hankali.

Suka kunna. Murya ta fito: “Malam, tuwo zai huce.”

Tsoho ya share ido. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, amarya. Amma ta fi ki iyawa.”