Yatsun Pak Marwoto

A bayan sito, inda ma'aikata ke jera baburansu, Ratri ta tare saurayinta Danang bayan sallar La'asar. Mas take ce masa, shi kuma Dik, wato yaya da ƙanwa, yadda masoya ke kiran juna a garinsu.

"Mas, sa hannu kawai za ka yi cewa mahaifina ya ci jarrabawar... Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Dik. Shi ma zai sani."

Ta kawar da kai, idanunta sun ciko.

Mahaifinta, Pak Marwoto, wato Baba Marwoto, shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wannan sito da ke kusa da tashar jiragen ruwan Semarang a ƙasar Indonesiya. Bana kamfanin ya maƙala wa kowace mota allon na'ura, wanda direba zai riƙa taɓawa ya ga kayan da zai ɗauka da inda zai kai su. Aka ɗauko Danang ya koyar da direbobi, ya kuma jarraba su. Sau biyu Pak Marwoto yana faɗuwa. In ya faɗi na uku, gadin ƙofa za a mayar da shi, kamar yadda aka yi wa tsofaffi uku kafin shi.

Ga shi ranar Lahadi iyayen Danang za su zo neman auren Ratri.

Danang ya yi ta lallashinta. Ya ce samarin da suka iya allon ba sa wata uku suke gudu wani kamfani, babu wanda ya fi shi son tsohon ya zauna, amma ba zai fara shiga gidansu da ƙarya ba. Ita dai ta ta da babur ɗinta ta tafi.

A gida ta tarar da mahaifinta a baranda, shayinsa ya huce a gabansa. Ko kallonta bai yi ba ya ce ta gaya wa mutanen nan su ɗaga zuwansu.

"Har zuwa yaushe, Pak?"

"Har in san ko ni direba ne ko mai gadi. Ba zan zauna gaban surukai ɗansu na ba ni maki ba."

A kicin, mahaifiyarta Bu Sumini tana soya ayaba ta ce mata kwana uku ke nan rabon da tsohon ya cinye abincinsa, kuma kullum bayan Asuba littafin darasin yake buɗewa yana bita kamar ɗan makaranta.

Wannan ya tsaya wa Ratri a rai. Ta ɗauko littafin ta koma baranda, ta ce tunda aikinta a ofis tsara fitar motoci ne, ita ma tana so ta gane, ya taimaka mata. Tambaya goma sha biyu ta yi masa, bai kuskure ko ɗaya ba. Har gyara ya yi wa littafin, ya ce wanda ya rubuta a ɗora buhunan sukari hawa shida bai taɓa ganin damina ba.

Sai ta miƙa masa wayarta, ta ce ya buɗe mata hoton jikarsa, 'yar yayanta.

Ya taɓa, allon bai motsa ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, shiru. Ya goge yatsan a zanensa ya kuma gwadawa, sannan ya ajiye wayar a hankali.

"Haka yake min, Nduk, 'yata," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na san amsar. Abin ne ba ya jin hannuna. Lokaci ya yi ta tafiya, yara na bayana suna jira..."

Ta kama hannun ta juya shi. Kan yatsun ya yi kanta, ya bushe kamar ƙirgi. Da wannan hannun aka biya mata makaranta. Ta kifa fuskarta a tafinsa ta yi kuka, shi kuma yana ta cewa ta bari, maƙwabta na wucewa.

Washegari da safe ta shiga ɗakin koyarwa ta gaya wa Danang maganar yatsun. Ya rufe littafin da ke gabansa ya ce:

"Mako uku ina koyar da shi, allon nake kallo. Ban taɓa kallon hannunsa ba."

Da yamma sai ga shi a ƙofar gidansu cikin rigar batik mai zane-zane ta zuwa gaban manya, ya cire takalmi tun daga tsakar gida. Ya sunkuya ya sumbaci hannun tsohon, ya ba shi haƙuri, ya ajiye ɗan siririn alƙalami mai kan roba, irin wanda ake taɓa allo da shi. Ya ce laifin malami ne, ba na ɗalibi ba.

Pak Marwoto ya juya alƙalamin, ya gwada a wayar Ratri. Hoton jikarsa ya buɗe, tana dariya da haƙori biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Sauran ukun fa?" ya tambaya. "Hannunsu irin nawa ne."

Danang ya yi alkawarin kai maganar gaban manaja. Kwana biyu yana faman bin ofis kafin a yarda a sake jarraba su. Biyu suka ci, suka dawo kan motocinsu. Na ukun ya riga ya tattara ya koma ƙauye, da aka kira shi ya ce ya gode, ya fara shuka.

Ranar Juma'a Pak Marwoto ya ci jarrabawarsa, Ratri na leƙe ta tagar ofis. Da ya sauko daga motar bai je karɓar takardar sakamako ba, sai ya yafito Danang, ya tambaye shi ko ya taɓa ɗaga kaya da hannunsa. Danang ya amsa cewa a littafi kawai.

"To daga Litinin kai ne ɗalibi. Ba zan ba da 'yata ga wanda bai san nauyin kaya ba."

Direbobi suka kwashe da dariya. Danang ya sosa ƙeya, ya saci kallon tagar.

"Lahadin fa, Pak?"

"Ku zo da wuri. Uwarta tun jiya take jiƙa shinkafa."