Haƙori Na Biyu

A bakin kasuwar garin Ba ne Satendra ya tare ni, bakinsa har kunne, rigarsa duk tokar rake.

"Torika, an ba ni ke! Dubi abin da Babanki ya aiko min."

Tun kafin ya gama kwance ƙyallen na gane abin da ke ciki. Tabua ce, haƙorin ƙaton kifin nan na teku da muke neman aure da shi. Wannan ta kakana ce.

Satendra jikan Indiyawan da Turawa suka kawo nan Fiji noman rake ne. Yana jin yarenmu kamar a ƙauyenmu aka yanke masa cibiya, amma ba komai ake koya a kasuwa ba. Makon jiya ya turo dattawa da tabua neman aurena. Mu kuwa ba ma mayar wa mutum haƙorinsa, cin fuska ne. In ba a amince ba, sai a aika masa da wani. Shi bawan Allah ya ɗauka tukwici ne.

"Kin yi shiru, masoyiya. Ko kunyar angon ce ta fara tun yanzu?"

"Saten... mayar da shi jaka, mutane na kallo."

"Su kalla mana. Wata mai zuwa mun bar ƙasar, muna birnin Auckland, ki ga sanyin da zai sa ki daina yi min yanga."

Ina 'yar firamare Fiji ta samu 'yanci, muka riƙe Sarauniyar Ingila a matsayin uwar ƙasa, majalisa kuma tamu. Haka muka girma. A bana sojoji suka karɓe mulki, rediyo ta ce mun zama jamhuriya. Indiyawa suka shiga barin ƙasa. Baba kuwa, tsohon sojan Sarauniya, ya koma zama a ƙarƙashin hotonta, ba ya cin abinci sai na zauna a gabansa. Mama ta rasu, yayyena suna Suva, babban birni, da iyalansu. Ni kaɗai ce a gidan.

"Haƙori na biyu ba amincewa ba ne," na ce. "A'a ce."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Don ni Ba'indiye ne?"

"Wallahi ba haka ba ne. Baba ya yarda, har kuka ya yi don murna."

"To wa ya..."

"Ni na buɗe akwatin Baba na ciro shi, na aika maka da sunansa."

Ya daɗe yana kallona. "Ki ce in zauna, Torika. Kalma ɗaya, in fasa tafiyar."

"Iyayenka sun sayar da gida, da kai suka dogara. Kai ma ba za ka bar su ba."

"Kina sona kuwa?"

"Kamar raina. Shi ya sa na kasa faɗa da bakina."

Ya naɗe haƙorin a hankali ya tafi, ban kira shi ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga kasuwa cike da mutane.

Ranar tafiyarsu ina zuba wa Baba shayi muka ji ƙarar jirgi ta wajen filin jirgin Nadi. Ya ɗaga kai, ya saurara har ta ɓace.

"Da kin bi shi, 'yata. Ni saura nawa?"

Na goge idona da gefen zane, na tura masa kofin.

"Sha, Baba, kada ya huce."