Abin da Aka Ɗinke a Wuyan Rigar Zulfa

Yammacin wata Laraba ce, rana ta yi ja a bayan duwatsu. Kadijatu na gaban keken ɗinkinta a tsakar gida, tana son yin aikin wuyan rigar 'yarta Zulfa. Saura kwana huɗu walimar saukar karatun yarinyar.

Shekararsu guda ke nan a unguwar Barade. Da aka yi sabuwar jiha aka taso mijinta Suleiman daga Yola tare da tarin ma'aikata, gidan haya ya yi wuya a Jalingo, da ƙyar suka sami wannan tsohon gida. Tsohuwar da ta ba su makulli abu ɗaya ta ce: akwai farin ƙyalle a naɗe kan azarar ɗakin baya, a bar shi inda yake.

To, duk mai aikin keke ya san ba a ɗora allura kan yadi haka nan. Sai an shimfiɗa wani abu a ƙarƙashi ya riƙe shi, in ba haka ba ya tattare. Shadda takardar buhun siminti ta ishe ta, in an gama a yage. Amma yadin Zulfa mai laushi ne, takarda sai tsagewa take, zare na cukurkuɗewa. Irinsa ƙyalle mai ɗan tauri yake so, shi kuwa ƙyalle ba ya fita, nan zai zauna har riga ta mutu. Nata ya ƙare, kasuwa ta tashi. Ta duba akwati, ta duba ƙasan gado. Daga nan ƙafarta ta kai ta ɗakin baya.

Allah Ya sani ba raini ba ne. Tsumma ta gani mai tsabta, daidai faɗin ƙirjin riga, ko yanka bai buƙata ba. Aiki kuwa ya kwanta luf, furanni suka fito kamar ba hannunta ba.

Ana kiran magariba Zulfa ta zura rigar don gwaji. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya sake faɗowa, a hankali, kamar ajiye shi aka yi.

"Dada," in ji Zulfa, "wuyan ya matse ni."

Kadijatu ta san yatsa biyu ta bari a wuyan nan. Ta ja rigar sama, ta ƙi wuce haɓa. Ta ɗauko almakashi, yana taɓa yadin sai yarinya ta sandare, numfashi ya ɗauke, bai dawo ba sai da ta jefar da shi.

Haka suka kwana uku. Kowace magariba wuyan na ƙara shiga, duwatsu na sauka, keke na taka kansa ba kowa a kai. Suleiman ya ce asibiti. Suna isa bakin zaure ƙafafun Zulfa suka kafe, shi da maƙwabta biyu suka kasa ɗaga ta. Ko da ta ɗagu ma, in sun ce su bar gidan, ina za su? Ko ɗakin haya guda babu a garin. Ran Asabar ya tafi Yelwa ya zo da Modibbo Saleh, wani dattijon malami da ba ya yawan magana.

Bayan la'asar Modibbo ya zauna kan buzunsa ya fara karatu. Ya daɗe. Can Zulfa ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Modibbo. Ƙona ni kake, kuma ba inda zan gudu."

"Me kike nema wurin yarinya?"

"Ni nake nema? Tambayi uwarta. Tun kafin a haife ta nake kwance cikin zanena, ko kazar wani ban taɓa ba. Ta sauko da ni ta danne ni da allura. In na motsa, 'yarta ta shaƙe. In ban motsa ba, ni na shaƙe."

Kadijatu ta durƙusa. "Iya, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

"An gaya miki." Sannan muryar ta ƙara da cewa, "A bar mini yarinyar, mu zauna riga ɗaya."

"Wannan kam babu," in ji Modibbo.

"To a ba ni zanena kafin magariba. Zaren zanena ɗaya ya tsinke, na jikin yarinyar ma ɗaya zai tsinke."

"Hujin allura fa? Ba mai iya toshe shi."

"Rabin hujin na yafe. Sauran rabin yarinyar ta riƙe a jikinta."

Modibbo ya juyo. "Kadijatu, ni karatu na iya, ban iya warware aikin keke ba. Saura naki."

Ta zauna gaban 'yarta, gwiwa na taɓa gwiwa. Da tsinin allura take ɗago zaren aikin, ɗaya bayan ɗaya, ta ja a hankali. Aikin da ta yi alfahari da ƙarfinsa, shi ne yanzu ya ƙi sakinta. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida, ta ci duka.

"Dada," muryar Zulfa ce wannan karon, siririya, "gobe me zan sa?"

"Tsohuwar atamfarki. Kar ki motsa."

Ladan na gyaran murya fure na ƙarshe ya saki. Ƙyallen ya zamo ta cikin riga ya faɗo kan cinyar yarinyar. Zulfa ta ja numfashi mai tsawo, ta fashe da kuka irin na yara. Modibbo ya naɗe ƙyallen da kansa ya mayar kan azara, yana fitowa ƙofar ɗakin ta rufe a bayansa. Dutse bai sake sauka ba.

Washegari Zulfa ta yi karatunta cikin tsohuwar atamfa, mayafi har haɓa. A ƙirjinta akwai ƙananan ɗigo a jere, zanen furannin nan sak, kuma ba su goge ba.

Shekara shida suka ƙara a gidan, don ba su sami wani ba. Har suka tashi, in Kadijatu na aiki abin shimfiɗawa ya ƙare mata da yamma, rufe keke take, ta zauna nesa da ɗakin baya ta jira gari ya waye.